Hoton Cokali

Wani dare, bayan an rufe ƙofa an kashe fitilar falo, Dogo ya ji wani sauti a gidansa wanda bai san shi ba. Kamar ƙaramin ƙwaro ne yake ja da baya yana dawowa cikin gwangwani: ziiit, ziiit, sannan ƙit. Sai shiru. Can kuma ziiit, ziiit, ƙit.

Dogo mai gyaran keken ɗinki ne, shekara arba'in da wani abu yana sana'ar, kuma da kunne yake aiki fiye da ido. Idan aka kawo masa keke sai ya sa a taka sau biyu, ya rufe ido, ya ce ga inda ciwon yake. Duk abin da ke motsi a gidan nan ya san muryarsa, tarin firiji, famfon kicin mai ɗiga, ƙyauren banɗaki mai ƙorafi. Wannan kuwa baƙo ne. Ya ce ko gyare ne ya tsufa murya ta dishe. Ya ce ko ɓera ne yake wasa haƙori a jikin waya. Ya yunƙura zai je ya duba, bayansa ya ƙi, ya koma ya kwanta, barci ya ɗauke shi yana tunanin ko ƙwari ma suna mura.

Da safe ya tambayi yayarsa ko ta ji wani abu. Yaya ta girme shi da shekara tara, kuma gajera ce ƙwarai, har tun suna yara ake cewa tsawon da aka ba su su raba shi ya kwashe duka. Lokacin da matarsa ta rasu ta zo da jaka ɗaya ta ce za ta yi masa sati biyu, yau shekara huɗu ke nan. Gwiwoyinta sun gaji, don haka yini take a kan wata 'yar gajeriyar kujera a bakin ƙofar kicin, daga nan hannunta yake kai wa kusan komai. Ta ci gaba da juya shayi, ta ce kunnenta ya daɗe da yin ritaya, in ɓera ne ma sai dai ya zo ya gaishe ta. Dogo ya sayo maganin ɓera ya zuba a bayan kabad.

A cikin wannan kabad ɗin, a aljihun tebur na sama, kyamararsa take kwana, naɗe cikin tsohon tawul. Ita ce abu ɗaya da ya taɓa saya don jin daɗin ransa kawai. Ranar da Yaya ta tare ya nuna mata ya ce ta share duk abin da take so a gidan nan, amma wannan ko ƙura kada ta goge mata. Ta ce ita me za ta yi da abin da ba ya tafasa ruwa.

A kwanakin nan kyamarar ta soma wani hali. Batir ba ya daɗewa. Idan ya kanga ido a ramin da ake leƙawa sai ya ga duniya ta yi hazo, sai ya juya wani ɗan mitsitsin wili da ke gefe, wanda ake saitawa daidai da idon mai ita, kafin abubuwa su fito. Gobe kuma ya sake tarar da hazon. Ya yanke cewa idonsa ne yake canja ra'ayi da dare, irin na tsufa, bai gaya wa kowa ba.

Su huɗu ne masu wasan hoto, duk ranar Asabar da yamma suke haɗuwa a ɗakin jira na wani likitan haƙori, bayan an sallami marasa lafiya. Likita shi ne mai wuri, shi ne mai majigi, kuma duk wani sabon kayan hoto da ya fito sai ya saya, ko da sau biyu zai yi amfani da shi. Akwai Direba, wanda ya yi shekara talatin yana jan motar haya, bakinsa ba ya hutawa. Akwai Malama, mai koyar da lissafi, ba ta cika magana ba amma babu abin da ke wuce idonta. Sai Dogo.

Suna da doka ɗaya da Likita ya kafa. Kowa zai miƙa katin kyamararsa yadda yake, ba gogewa, ba zaɓe, a haska komai a bango tsakanin hoton dasashi da hoton burushi, don a cewarsa daga ɓatattun hotuna ake koyo. Wanda ya fi kyau a makon sai a wanke shi a sa masa firam a rataye a saman tulun ruwan sanyi. Shekara shida Dogo yana zuwa, ba a taɓa rataye nasa ba. Tsuntsaye yake bi, kuma tsuntsu ba ya jiran dogon mutum ya gama saiti. Direba ya ce a duk garin nan babu mai tarin hotunan reshe irin na Dogo, kuma in an lura da kyau wani reshen har yana rawa, alamar yanzun nan mai shi ya tashi.

Asabar ɗin nan ma haka aka fara. Reshe, reshe, wayar lantarki, wutsiyar wani abu a gefen hoto. Direba yana lissafawa da ƙarfi. Dogo yana dariyar da ya saba yi, wadda ba ta kai ciki. Bai taɓa duba hotunansa a gida ba, allon kyamarar ya yi masa ƙanƙanta kuma tabaraunsa a shago yake zama, don haka shi ma a bangon nan yake fara ganinsu.

Sai bango ya cika da cokali.

Cokalin shayi ne kwance a kan faranti, an matso shi har ya kai girman mutum. A cikin kwarminsa ga ɗaki guda a kife, taga a ƙasa, tukwane suna rataye sama kamar jemagu, wani zaren haske ya ratsa tsakiya. Likita ya danna na gaba. Ɗigon ruwa a leɓen famfo, ya yi ciki ya kusa faɗuwa. Na gaba, silifa guda ɗaya a kife, dunduniyarta ta cinye ta yi siffar ƙafar mai ita. Na gaba, tururuwa uku suna jan ƙwayar sukari a kan tayil, inuwarsu ta fi su tsawo. Guda bakwai ne, kuma har aka gama babu wanda ya yi tari.

Dogo ya buɗe baki zai ce an yi kuskure, wannan ba katinsa ba ne. Amma ya san famfon nan. Ya san silifar nan, shi ya sayo ta. Kuma ya san daga inda ake ganin famfon haka, ta ƙasa, har ana hango tsatsar da ke ƙarƙashin wuyansa. Sai mutum yana zaune a kan gajeriyar kujera a bakin ƙofar kicin. Ya saci kallon kyamarar da ke cinyarsa, ya ga ɗan makunnin da ke gefen gilashinta an tura shi wajen da take saita kanta da kanta. Shi da hannu yake saiti tun da ya saye ta, bai yarda da injin ba, don haka bai taɓa jin kukansa ba. Ya taɓa madannin a hankali. Ziiit, ziiit. Mutumin da ke gane ciwon keke da kunne, ga shi ya zuba wa kyamararsa maganin ɓera.

Likita ya tashi tsaye yana tafi. Ya ce shekara shida mutumin nan yana yaudararsu da rassa, ashe gwani ne ya ɓoye. Direba ya ce dama shiru-shirun dogaye ba na banza ba ne, maganar ce take daɗewa kafin ta sauko. Malama ta ce a koma na cokalin, ta dube shi da kyau, sannan ta juyo.

"Duk daga ƙasa aka ɗauke su," in ji ta. "Kamar tsawon gwiwa. Da wannan bayan naka, Dogo?"

A nan ne ya kamata ya faɗa. Maganar ma ta zo har bakinsa. Sai ya ga Likita ya riga ya ciro firam daga kwali yana goge gilashinsa da hannun riga.

"Kwanciya nake yi," in ji Dogo.

Direba ya ce lallai sai an kwashe kujerun falo, a buɗe ƙofa ƙafafu su fita waje. Aka yi dariya. Aka rataye cokalin a saman tulun ruwa.

A hanyar gida ya shirya maganar da zai yi wa Yaya. Da farko faɗa ya shirya, don ai ya hana ta taɓawa. Kafin ya kai kwanar gidan faɗan ya narke ya zama tambaya, kafin ya hau matakala tambayar ma ta zube. Ya same ta a kujerarta tana tsince shinkafa. Ta yi masa sannu da zuwa, ya amsa, ya shige ɗaki. Da ya fito ya share maganin ɓeran da ke bayan kabad. Ita kuwa tana kallonsa daga kujerarta.

Abin da ya yi bayan wannan shi ne wanda ko a zuciyarsa ba ya son dubawa. Ya sa batir a caji har ya cika. Ya sauko da kyamarar daga aljihun sama zuwa na ƙasa, inda ba sai an yi ɗage ba, ya bar shi a ɗan buɗe. Ya daina tafiya da ita shago. Kowace safiya zai tsaya a bakin ƙofa ya lalubi aljihu kamar mai neman makulli, ya ce zai daɗe yau, aiki ya yi yawa, alhali keke biyu ne kacal a shagon, ɗayan ma mai shi ya manta da shi. Yana zaune yana goge allura da man keke, yana jin kamar mutumin da ya ajiye wa kaza tsaba don ƙwan da zai kwasa.

Ƙwan kuwa ya yi ta zuwa. Kafar allura da rana a cikinta. Fatar da ke taruwa a kan madara idan ta huce, ta yi tamoji kamar goshin tsoho. Inuwar labule a kan bango da ƙarfe wani abu na yamma. Dogo ya koyi yin magana a kansu. Ya iya cewa haske ne ya kira shi, ya iya gyaɗa kai idan Likita ya kawo sunayen abubuwan da bai sani ba. Ya daina ɗaukar hotunan reshe. A unguwa ma labari ya zaga, wani tela da ya je cire haƙori ya dawo yana ce masa ashe Malam Dogo hannun nan ba keke kaɗai ya iya ba.

Ya gwada da kansa, don kada a ce bai gwada ba. Wata Lahadi da Yaya ta kwanta barcin rana ya zauna a kujerarta, gwiwoyinsa suka kai masa kunne, ya auna cokali ya danna. Cokali ya fito cokali. Ya auna famfo, ya fito famfo, irin wanda ake nuna wa mai gyara. Ya karya dokar Likita ya goge su duka, ya yi minti biyar yana kokawa kafin ya miƙe.

A mako na huɗu bango ya nuna hannuwa biyu a harɗe a kan ciki. Manyan hannuwa, jijiyoyi sun taso, baƙin man keke ya zauna a gefen farata da cikin kowace tsaga, babban yatsa ɗaya ya ɗan saki kamar na jariri. Sai da Dogo ya ga maɓallin rigar sannan ya gane nasa ne. Barci ya ɗauke shi a doguwar kujera, wani ya zo kusa da shi har haka, ya daɗe yana kallon hannuwansa. Rabon da wani ya dube shi haka tun matarsa tana da rai.

Direba ya tambaya, to in hannuwan nan biyu suna kan ciki, da wanne aka danna, ko da hanci? Dogo ya ji bakinsa yana bayani shi kaɗai, cewa ai kyamara tana da agogo, sai ka ɗora ta a kan kujera ka danna ka koma ka kwanta. Likita ya ce wannan shi ne hoton da ya fi kowanne tun da aka kafa zaman nan. Malama ba ta yi tafi ba. Ta tambaye shi lafiyar yayarsa, ya ce lafiya lau, ta ce a gaishe ta.

Ran nan da ya koma gida Yaya ta ajiye masa shayi, ta tsaya dafe da ƙofa maimakon ta koma kujerarta.

"Me suka ce yau?"

Tun da yake zuwa zaman nan ba ta taɓa tambaya ba. Ya kalli kofin. Ya ce babu wani abu, surutun Likita ne kawai da shirmen Direba.

"To," in ji ta. "Na ce ko akwai wanda ya yi kyau."

"Akwai dai," ya ce, "na Malama, wata gada."

Ta gyaɗa kai ta juya, tana jan ƙafa. Shayin ya huce a gabansa bai sha ba, ya zauna yana kallon fatar da ta taru a samansa, yana mamakin yadda ya yi shekara sittin da bakwai yana ture ta da cokali bai taɓa ganinta ba.

Asabar ta gaba Likita ya shigo da akwati yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Sabon gilashi ne na ɗaukar ƙananan abubuwa, wai har gashin ƙafar ƙuda yana nunawa, da wata fitila mai siffar zobe da ake maƙala masa a baki. Kowa ya ɗaga ya ji nauyinsa. Direba ya auna kunnen Likita ya ce ya hango daji. Sai Likita ya ce shi da kansa ya gwada kwana uku bai samu komai ba sai hazo, wannan kaya na mutum ɗaya ne a cikinsu. Kuma ba aro kawai zai ba shi ba, mako mai zuwa a gidan Dogo za a yi zama, su ga gwani a wurin aikinsa, ya sake ɗaukar musu cokalin nan da sabon gilashi suna kallo.

Dogo ya ce gidan ƙarami ne. Likita ya ce su ma ba su da yawa. Dogo ya ce matakalar ba kyau. Direba ya ce in tsohuwa tana hawa shi ma zai hau. Dogo ya ce shi ba ya iya aiki ana kallonsa. Malama ta ce za su yi shiru. Ta faɗa tana kallon jakarta.

Kwana shida ya yi yana neman hanya. Ya yi tunanin ciwo, ya tuna likita ne zai zo. Ya yi tunanin ya yar da kyamarar daga taga. Ya yi tunanin faɗin gaskiya, ya tsara ta a shago kalma bayan kalma, har ya gwada ta a kan keken da aka manta, kuma a gaban keken ba ta da wuya ko kaɗan.

Ranar Asabar da safe ya tsaya a ƙofar kicin, kansa yana gogar saman ƙofar. Ya ce baƙi za su zo da yamma, mutanen hoto. Ta ce to. Ya ce so suke su ga yadda ake ɗaukar cokali. Ta ci gaba da wanke kofi. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Yaya, a ce mutum yana son ya ɗauki cokalin nan, a ina zai tsaya?"

Ta ɗago ta dube shi, tun daga ƙasa har can sama inda fuskarsa take. Ya so ta zage shi. Ya so ta tuna masa ita ta goya shi, ita ta wanke masa kashi, kamar yadda takan yi a kan abin da bai kai wannan ba. Sai kawai ta nuna gefen kujerarta da baki. Ta ce sai ƙarfe huɗu da rabi, lokacin da rana take bugun tagar gidan da ke kallonsu ta dawo cikin kicin, kuma minti goma kawai take yi. Ta ce ya hure cokalin da baki ya goge da gefen zane, kada ya wanke, ruwa yana barin tabo. Ta ce ya riƙe numfashi kafin ya danna. Ta ce ya cire hula, tana tare haske.

"Zan gaya musu," in ji Dogo.

"Ka fara sayo sukari," in ji ta. "Kada baƙi su zo mu ji kunya."

Ƙarfe huɗu suka iso. Falon ya cika da jakunkuna da sandar kyamara mai ƙafa uku. Yaya ta sa sabon zane ta gaishe su, Direba ya ce yanzu ya gane, ashe a gidan nan an yi ɗaya tsaye ɗaya zaune. Ta yi dariya ta ce ai ko tsayuwar ta yi haka take. Aka janye kujerarta daga bakin kicin don gwani ya samu fili, ta koma tsaye a jikin bango riƙe da tiren shayi. Likita ya ɗaura sabon gilashin a kyamarar Dogo, ya kunna zoben fitila, ya miƙa masa da hannu biyu.

Dogo ya cire hula. Ya dafa bango ya sauka a gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, sannan gwiwar hannu, ƙasusuwansa suna ba da labari ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafunsa suka miƙe har tsakiyar falo, Direba ya tsallake su yana neman afuwa. Tayil ɗin da sanyi, kuma daga nan ƙasa kicin ɗin wani wuri ne daban. Ya ga ƙarƙashin kabad, ya ga wani maɓalli da ya ɓata tun bara, ya ga inda ƙafafun kujerar Yaya suka ci tayil suka yi ramuka huɗu.

Ya kanga ido. Hazo. Wilin yana kan saitin idonta. Ya juya shi da babban yatsa a ɓoye, ya san Malama ta gani.

Rana ta bugi tagar maƙwabta ta faɗo cikin kicin daidai lokacin da aka ce. Cokalin ya kama wuta. Dogo ya matso, ɗakin da ke cikin cokalin ya bayyana ya ɓace, ya ja baya, ya sake ɓacewa. Sabon gilashin ba ya yafe rawar hannu, numfashi ɗaya sai komai ya tarwatse. Ya danna. Likita ya sunkuya ya duba allon ya ce gwaji ne, a sake. Ya danna. Gumi ya gangaro masa cikin ido. Direba ya ce ko a kawo reshe ne gwani ya ɗan warware hannu, ya yi dariya shi kaɗai ya bari.

Daga jikin bango wata ƙaramar murya ta ce, kamar mai magana da tire, "Ƙasa kaɗan. A kashe fitilar nan." Likita bai ji ba. Malama ta miƙa hannu ta kashe zoben, sannan ta juya tana kallon Yaya, tana kallon yatsanta da ke danna gefen tiren a hankali duk sanda ya kamata a danna.

Hasken ya soma janyewa daga kan farantin. Dogo ya ajiye kyamarar a kan tayil, kuncinsa kusa da ƙasa. Ya ce a ransa yanzu ne, in bai faɗa a kwance ba ba zai faɗa a tsaye ba.

"Jama'a," ya ce, "akwai maganar da..."

Likita ya ce kada ya damu, sabon kaya sai an saba, ko shi kwana uku ya yi, a ba gwani ruwa ya huta. Ya shiga bayanin yadda gilashin yake aiki, Dogo yana kwance bakinsa a buɗe, ragowar maganar tana komawa ciki.

Aka tura ƙofa da sallama. Matar gidan da ke kusa da nasu ce, mai yin kitso, wadda take shigowa taya Yaya hira da rana idan Dogo yana shago. Ba ta san da baƙi ba. Tana riƙe da tocila a hannu ɗaya da wani fasasshen kofin gilas a ɗayan, tana cewa ga kofin da Yaya ta ce kada a zubar tana so, kuma yau ta sa wa tocilar sabon batir, ba za ta mutu musu a tsakiyar aiki kamar shekaranjiya ba. Sai ta ga takalma, ta ga jakunkuna, ta gaida mutane da sauri. Ta bi dogayen ƙafafun da ke shimfiɗe a falo da kallo har zuwa kicin, inda Dogo yake kife a ƙasa, kyamara a gaban hancinsa. Ta dubi Yaya da ke tsaye da tire.

"Yaya, yau shi kika ba wa? Ya iya kuwa?"

Likita ya tsaya da bayaninsa, hannunsa a sama. Direba ya sunkuyar da kai yana karanta ƙasan kofinsa. Yaya ta gyara riƙon tiren, kofuna suka ɗan yi ƙara. Dogo bai ɗago ba.